Ranar da Leotele Ya Lulluɓa da Tabarma a Gaban Gidana

"Suna kawai na tambaye ki, 'yar nan! Suna! Ban ce ki ba ni jakarki ba, ban ce ki ba ni aikinki ba!"

Leotele ke nan, babban matai, wato shugaban masu sarauta, na garinmu Fagatuli, yana dukan gwiwarsa da tafin hannu, tukwanen da muka jera a jikin bango suna amsa masa.

"Na ji ka tun farko, ranka ya daɗe," in ji yarinyar. "Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki faɗa ba?"

"Ba zan faɗa ba."

Ni kuwa ina bakin ƙofa da tsintsiya, ina share wurin da na riga na share tun safe. Ni ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiyar ƙungiyar mata, saboda haka ba wanda zai ce Iya Pele ta zo sauraro. Aikina nake yi.

Sunan yarinyar Moevasa. Na ce yarinya ne don ni na haifi waɗanda suka girme ta. Siririya ce mai tabarau, gashinta a ƙudundune a ƙeya kamar ya yi mata laifi. Daga Apia, babban birninmu, ta zo a motar safe, daga ofishin da gwamnati ta buɗe don karɓar koke a kan ma'aikatanta. Wani a garinmu ya kai ƙarar Sefanaia, direban motar asibitinmu, wanda kuma shi ne autan Leotele. To, wane ne wannan wanin? Abin da Leotele yake son ji ke nan. Ni ma shi nake son ji, har ya fi ci mini rai fiye da shi.

"A garin nan," in ji Leotele, "mai magana zauren taro yake zuwa, ya jingina da ginshiƙin gidansu, ya faɗi abin da ke ransa kowa yana ji. Haka muka gada."

"Hanya ce mai kyau, ranka ya daɗe, ga wanda yake da ginshiƙi. Ofishinmu na waɗanda ba su da shi ne."

A ƙasa take zaune tana wannan magana, ƙafafu a harɗe, kai a ɗan sunkuye. Akwai kujera a ɗakin, amma tun da ya shigo ta sauka daga kanta. Wato ba halin ya ce ba ta da tarbiyya, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Sai ya sauya salo, ya sassauta murya. "Wa ya haife ki, 'yata?"

Ta faɗa masa. Ya bi danginta yana tsefewa kamar mai neman ƙwarƙwata, daga uba zuwa kaka, daga kaka zuwa wanda ya auri ƙanwar kaka, ko zai sami zare ɗaya da ya haɗa su. Bai samu ba.

"Shi ya sa aka turo ni," ta ce. "Wanda aka fara ba aikin, mahaifiyarsa 'yar garin nan ce. Shi da kansa ya je ya faɗa wa shugabanmu, ya ajiye aikin."

"Ɗan Telesia? Tsorona yake ji?"

"Cewa ya yi ba zai iya cin abincinka da yamma ba, da safe kuma ya zauna yana tuhumar ɗanka."

Leotele ya miƙe, ya gyara zaninsa. Da ya zo wucewa ya harare ni. "Pele, ƙasar nan za ki share har ki tarar da ruwa?"

"Toma," na ce, don da wannan sunan na san shi tun yana yawo ba wando, kafin a naɗa masa sarauta, "ɗaga ƙafarka, ka taka mini shara."

A tsakiyar fili ya tsaya, ya ɗaga murya yadda har masu wanki a bakin rafi za su ji. Ya ce zai gano mai ƙarar nan. In bare ne, sa yi magana. In kuwa wani ne da ke kwana a ƙasarsa, yana cin gwazar gonarsa, to ya fara ɗaure kayansa tun yanzu, ya koma inda ya fito, kuma ba zai tafi da ko mutum ɗaya mai jinin gidansu ba.

Bari in gaya muku abin da ya jawo wannan duka, don a gabana aka yi.

Wata safiya ce, an yi rasuwa a dangin matar Leotele, can ɗaya gefen tsibiri. Dole su kai aladu da tabarmi da kwalayen kifin gwangwani, sai babbar motar da suka ɗauko ta ƙi tashi. Mu uku ne a barandar asibiti a lokacin. Ni da gwiwata. Eseta matar fasto da hawan jininta. Sai Siniva, riƙe da 'yarta Litara a kafaɗa, numfashin yarinyar yana fita da ƙara kamar ana busa usur. Nas ta fito ta ce a kai ta babban asibiti yanzu-yanzu. Sefanaia ya ce to, bari ya sauke wani ɗan kaya ya dawo. Ashe ɗora kaya zai yi. Muna kallo aka turo aladu a ɗaure cikin motar marasa lafiya.

Na tashi na tsaya a bayan motar na zazzage masa abin da ke bakina. Ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, matsa!" Ya yi baya, motar ta bugi sandata, na zauna daɓas a cikin taɓo. Bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Motar masu ɗibar kwakwa ce ta taimaka ta kai Litara, a kwance a kan buhuna. Ta rayu, Allah ya sa, amma ta daɗe a kwance a Apia da uwarta a gefen gado.

Siniva 'yar tsibirin Manono ce, aure ya kawo ta. Mijinta ɗan ƙanen Leotele ne, ya fita kamun kifi teku ba ta dawo da shi ba. Ya bar mata yara uku da rumfa ɗaya da ɗan fegin gwaza, duka a ƙasar Leotele. In ana biki a gidan, ita ce a bayan murhu cikin hayaƙi. Na shekara da shekaru ina ganinta, amma da za a tambaye ni yadda dariyarta take, ban sani ba.

To sai gari ya zauna ya yi lissafinsa. Nas 'yar ƙanwar Leotele ce, ko tari ba ta yi sai ta kalli fuskarsa. Eseta kowace Lahadi kwandon abinci mafi nauyi daga gidansa yake zuwa mata. Siniva kuwa, wa ma zai kawo ta a rai? Saura wa? Saura mai bakin da ba ya rufuwa.

Amma fa ba su tabbatar ba, kuma Moevasa ta san aikinta. Ranar da ta iso abin da ta fara nema shi ne ɗaki mai ƙofa. Mu gidajenmu ginshiƙai ne da rufi, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, magana ma haka. In mace ta yi wa mijinta faɗa a ƙarshen gari, kafin ya sami amsar da zai ba ta ni na riga na san wa ke da gaskiya. Asibiti yana da ƙofofi, amma ta ce nan wurin aikin wanda ake ƙara ne. Gidan fasto ma yana da su, ta ce matarsa shaida ce. Sai ɗakinmu na tukwane.

Na yi murna, na ce abinci ya zo har gida. Ashe akwai rediyo a jakarta. Duk wanda ya shiga, sai ta rufe ƙofa, ta ajiye rediyon a gindinta, ta ƙure murya. Na manna kunnena a katakon nan har ya yi zafi, abin da na samu kawai waƙoƙin coci da farashin ayaba a kasuwa.

Na ce to, ai zan ga masu shiga. Wanda ya daɗe a ciki, ko ya fito da jan ido, shi ne. Sai ta kira kowa. Ta kira mu ukun, ta kira masu ɗibar kwakwa, ta kira matan da ba su ma taka asibiti ranar ba, har da Tavita kurma da ba ya jin tsawa. Kuma kowa daidai da kowa yake daɗewa. Wata ta ce mini da ta gama faɗin abin da ta sani, sai yarinyar ta tsaya tambayarta yadda take naɗe palusami, abincinmu na ganye, kada madarar kwakwa ta tsiyaye, har lokaci ya cika.

Da layi ya zo kaina, na ba ta labarin mota da taɓo. Ta saurara har ƙarshe, ta maimaita mini abin da na faɗa, ta tambaye ni ko ta fahimta daidai. Ni tun da nake ba a taɓa saurarona haka ba. Daɗi ya kwashe ni, na matso.

"Kuma fa, 'yata, wannan Sefanaia, shi da sabuwar malamar makaranta..."

"Iya, kin gani da idonki?"

"Wadda ta gani ce ta gaya wa wadda ta gaya mini."

"Ko da kin gani, ba a kan wannan aka kawo ƙararsa ba. Shi ma yana da haƙƙi a wurina. Ba na barin a ƙara masa abin da ba shi na zo bincike ba."

Na haɗiye sauran. Na zagayo ta wata hanya. "Ba na neman suna, Allah ya kiyaye. Ki dai ce mini ba Eseta ba ce, don hankalina ya kwanta a coci."

Ta yi murmushi. "In na ce miki ba wance ba ce yau, gobe ki ce wance fa? Kafin Lahadi sunan ya fito da ƙafarsa."

Kun ji fa. Kamar a cikina ta kwana.

Abinci ma haka. Kwanduna suka yi ta zuwa daga gidan Leotele, kifi da gwaza da kaza. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya irin ta 'ya'yan manya, sannan ta sa aka kai wa yaran makaranta, a fili, ta ce a gaya musu daga hannun Leotele ne. Ita kuwa ta buɗe ɗan kwanonta ta ci dafaffiyar ayabarta a sanyaye. Na ce a raina, wannan ko mijinta sai ya kawo shaida kafin ta yarda shi ne.

Yanzu ga inda girata ta shigo. Muna wanki a rafi, matan suka zagaye ni. "Iya Pele, tsakani da Allah, ke ce?" Daidai lokacin rana ta haska ruwa ta soki idona, girata ta ɗaga sama. A wurinmu kowa ya san ɗaga gira eh yake nufi. Kafin in buɗe baki sun tafa hannu, "Mun faɗa!" Ni kuwa na ga yadda suke kallona, kamar wadda ta kama kifin da ya fi kwalekwale. To me zan ce? Na ci gaba da cuɗa zanina. Rana ce ta amsa musu, ba ni ba.

Bayan kwana biyu na fito da sassafe in zubar da ruwa, sai na ga mutane a kan ciyawar gaban gidana, a zaune, shiru, kawuna a ƙasa. Ga itacen wuta, ga duwatsun gashi, ga ganyen ayaba a ajiye, wato ga mu, in kin ga dama ki gasa mu kamar aladu. A gabansu kuma mutum ɗaya a durƙushe, an lulluɓe shi ruf da tabarmar daraja, irin mai laushin nan da jan gashin tsuntsu a bakinta. Ifoga, durƙuson neman gafara! A gaban gidana! Ni da na ga irinta sau biyu kacal a rayuwata, kuma duk a kan jini ne.

Ban buƙaci a gaya mini wa ke ciki ba. Babban yatsan ƙafarsa ya leƙo, da farcen nan da ya tsage tun muna yara ranar da ya faɗo daga bishiyar kwakwar fasto.

Na koma ciki na zauna. Ƙanena da ke riƙe da sarautar gidanmu yana Auckland, can ƙasar waje, wato ɗaga tabarmar nan ko barinta a wuyana yake. Kuma al'ada ba ta ce a yi sauri ba. Na hura wuta, na tafasa ruwan koko, wato cakulan namu mai ɗaci, na sha a hankali ina leƙensu ta tsakanin ginshiƙai. Rana ta fito, ta fara aikinta. Gari ya taru daga nesa. Na riga na tsara yadda zan yi: in fita da sandata, in tsaya a kansa, in ce, "Toma, ka yi ɓatan hanya, ba nan ba ne." Labarin da za a yi ta bayarwa ke nan har jikokin jikokina.

Motar safe ta tsaya, Moevasa ta sauko. Da ta ga abin da ke faruwa sai ta zauna a gindin bishiyar ulu, mai manyan 'ya'yan nan da muke gasawa, can gefe, jakarta a cinya. Na zagaya ta baya na same ta.

"Kin ga abin da bakinki ya jawo mini? Tashi ki gaya musu ba ni ba ce."

"Ba zan ce ke ce ba, Iya. Ba zan ce ba ke ba ce."

"Dattijo fa yana dahuwa a cikin tabarma!"

"Jiya ya aiko yana tambaya, in aka yi sulhu da mai ƙara zan tattara in tafi? Na je da kaina na gaya masa a'a, ko gaban gidan wa ya kai tabarmarsa. Ban ɓoye masa ba. Yana ganin in gari ya taru zan ji kunya."

Na juya zan tafi in yi abin da na shirya, sai idona ya faɗa can ƙarshen layi. Siniva ce. Ai 'yar gidan ce, dole a zo da ita. Tana zaune cikin rana da ɗaurin itace a gabanta, Litara a manne da ita, ta zo ba ni haƙuri. Leɓenta yana motsi. Ta kalli tabarmar da tsohon ke ciki, ta kalle ni, ta kalli gindin bishiyar ulu. Sai na ga ta dafa ƙasa, ta ɗaga gwiwa ɗaya. Mai shirin tashi ta yi magana ke nan.

A nan wani abu ya faɗo mini. Duk kwanakin da Litara ta yi a gado, uwarta tana Apia. Kuma an ce ofishin karɓar koken nan ba nisa da babban asibiti.

Na waiga na kalli Moevasa, na ƙura mata ido yadda nake yi wa jikokina in sun saci sukari. Teku take kallo. Na rantse muku, ko girarta ba ta motsa ba. Ni da rana kaɗai ta sa tawa ta yi tsalle.

In na ce ba ni ba ce, mu uku ne a barandar nan, kuma Leotele ya iya ƙidaya. In na yi shiru, wannan baiwar Allah za ta tashi ta faɗa da bakinta, don ba za ta iya kallon tsoho yana gasuwa a gaban gidan wadda ba ita ta kai ƙara ba. Ko ta wace hanya, kafin dare tana bakin jirgin ruwa ita kaɗai, yaranta a baya.

Ban san inda gwiwata ta sami lafiya ba. Na ratsa cikinsu ina ɗaga murya.

"Ke Siniva, gara da kika tashi! Wuce bayan gida ki ɗora mini ruwa, ba ki ga baƙi za su shigo ba? Ki tafi da yarinyar nan inuwa kafin ku sake kwantar da ita!"

Ta tsaya da baki a buɗe. Na harare ta harara mai kyau. Ta ɗauki 'yarta ta wuce.

Na kama bakin tabarmar na yaye. Ga Leotele, gumi har a gashin hancinsa.

"Tashi, Toma, ka dahu haka. Abin da aka yi mini, na yafe."

Kuma ba ƙarya na yi ba. An zaunar da ni a taɓo ko ba a zaunar da ni ba?

Aka shiga ciki, aka yi jawabai masu tsawo. Sefanaia ya rarrafo ya ba ni haƙuri, kuma da gaske kuka yake yi, har ya ba ni tausayi. Leotele ya yi magana a gaban fasto da sauran matai, muryarsa ta dawo daidai. Ya ce an sami wadda aka ɓata wa, an durƙusa mata, ta ɗaga tabarma. Ya ce daga yau maganar wa ya kai ƙara ta mutu a Fagatuli, duk wanda ya sake tono ta, ko da tambaya ce, shi Leotele ya zaga, kuma zauren taro zai ci shi tara. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, da ƙarfi.

Da la'asar na yanki cinyar aladen da suka kawo, na naɗe a ganye, na kai wa Moevasa ɗakin tukwane.

"Na gode, Iya, amma kin san inda za ta."

"Makaranta, na sani. Yaran nan sun yi ƙiba tun da kika zo." Na zauna a kan wata tukunya da aka kife. "To, ba abin da za ki ce mini?"

Ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta. "Ban sa ki ba, kuma ba zan gode miki ba. In na gode miki, na faɗa miki wani abu. In na yi miki faɗa, shi ma na faɗa miki wani abu."

"Wallahi ke mugunya ce."

"Yaya gwiwar?"

Ina shirin amsawa sai ga Leotele, ya yi wanka, ya sa farar riga. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"Yawwa, an taru. Pele, gaya mata kin janye, ta kama motar yamma."

Moevasa ta sauka ƙasa ta harɗe ƙafa, ta miƙa hannu ta tura ƙofa, ta kunna rediyo. Yau ni ce a ciki, wasu ne a waje da kunnuwansu.

Na gyara murya. "'Yata, duk abin da na shigar a ofishinku, na janye shi kaf."

"Kin ji," in ji Leotele.

"Na ji, ranka ya daɗe. Ba zan yi magana a kan wanda ya shigar da abin da ya shigar ba. Amma abin da na gaya maka jiya yana nan. Wanda aka ɓata wa yana iya yafewa, wannan tsakaninku ne, kuma abu ne mai kyau. Motar kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta duk wanda numfashinsa zai tsaya gobe ce, har da kai."

"To ɗana fa?"

"Sefanaia ya zauna a inda kake zaune, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, bai ɗora wa kowa ba. Ko wanda ya aike shi bai ambata ba." Ta ɗan tsaya. Leotele ya kalli tukwane. "Zan faɗa wa shugabanninsa haka, don ya cancanci a faɗa. Zan faɗa musu gidanku ya durƙusa a rana. Shawarata ita ce a karɓi makulli daga hannunsa na wani lokaci, kuma daga yanzu makullin ya riƙa kwana a asibiti, ba a gidan kowa ba. Su ne za su yanke. In yana ganin an zalunce shi, shi ma yana da inda zai kai kuka, zan nuna masa hanya."

"Wato rana ta ci bayana a banza?"

"Ba a banza ba, ranka ya daɗe. Garinka ya zauna lafiya."

Sai na ga idonsa ya ƙanƙance, ya juyo kaina a hankali. Toma ba wawa ba ne, wannan kam ban taɓa cewa ba.

"Pele. Ke da ko sunanki sai jikarki ta rubuta miki. Ke da ba ki taka Apia ba tun bikin 'yarki. Duk abin da kika shigar, kika ce?" Ya matso. "Ke ce, ko ba ke ba ce?"

"Kai, Toma! Tambaya kake yi? Ɗazu-ɗazu a gaban fasto wa ya ce duk wanda ya sake tambaya ya zagi Leotele? So kake ka zagi kanka, ka ci kanka tara? Ni dai a ba ni kan aladen tarar in za a raba."

Ya juya wurin Moevasa. Muryarsa ta yi ƙasa, har rediyo ya kusa danne ta. "'Yar nan, ni sa'an ubanki ne. Tsakanina da ke. Ba sai kin buɗe baki ba."

Yana kallon girarta. Ni ma ita nake kallo. Ta kalle shi ido cikin ido, da ladabi, fuskarta sumul kamar ruwan kwano.

Na ga lissafin yana tafiya a goshinsa. In ya ci gaba da nema, sai ya fita ya gaya wa Fagatuli cewa babban matai ya kwashi gidansa kaf, da tabarmar kakanninsa, ya durƙusa rabin yini a gaban gidan da ba shi ba. Kuma ya san bakin wa zai kai labarin har Auckland.

Ya miƙe. Ƙafarsa ta kwashi wata tukunya, ta gangara ta bugi 'yan'uwanta.

"Ku biyun nan," ya ce, yana nuna ni da ita da yatsa, "Allah ya haɗa ku da surukai irinku!"

"Toma, a hankali da ƙofar, ta ƙungiyar mata ce."

Mutumin da ya tsufa a gida mara bango, bai taɓa samun ƙofar da zai huce a kanta ba. Ya kama ta da hannu biyu, ya fita, ya maka ta da ƙarfin da ya sa rediyon ya faɗi ya yi shiru.